Yadda Ake Tsara Lambun Gida a Ƙarshen Hunturu, Mataki-Mataki

Tun da sanyi ya fara sassautawa ake ta yi mini tambaya iri ɗaya, wasu bayan an idar da sallah, wasu ta waya: "Malam, ina da ɗan fili a bayan ɗaki, me zan shuka yanzu, kuma ta ina zan fara?" Kusan duk mai tambayar tumatir ne a ransa, domin ya ga yadda ake lodinsa kwando-kwando a Kwanar Gafan da Kadawa. To tun daga nan nake taka wa mutum burki. Lambun da aka kafa a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu ba cikin sanyi zai rayu ba. Yarintarsa kawai zai yi a hunturu, girmansa da haihuwarsa duk a bazara ne, lokacin da zafin Kano da Jigawa ke taɓa digiri 40. Don haka ruwa da zafi su ne za su tsara maka lambun, kai naka bi. Ga yadda nake yi a gidana, kuma a bi jerin yadda yake, kada a tsallake.

1. Fara da lissafin ruwa

Kafin ka taɓa fartanya, zauna ka amsa wannan: jarka nawa za ka iya ba lambun kullum a watan Afrilu, ranar da rijiya ta ja baya, layin tuƙa-tuƙa ya yi tsawo? Kada ka yi lissafi da ruwan yau. Yanzu ƙasa na riƙe danshi kwana biyu, nan da mako shida kuwa kafin azahar ta bushe ƙayau.

Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 yana shan kusan jarka ɗaya mai lita 25 a rana idan bazara ta kankama. Mai jarka huɗu, fangali huɗu ne rabonsa. Idan sayen ruwa kake yi wajen 'yan garuwa, ɗauki kuɗin jarka ɗaya a garinku ka ninka da yawan fangalin, ka sake ninkawa da kwana 90. Abin da ya fito shi ne ainihin kuɗin lambunka, ya fi na iri da taki nesa ba kusa ba. Wasu da suka yi wannan lissafi a gabana sun rage fangali daga takwas zuwa uku, kuma su ne suka ci miyar lambunsu har faɗuwar ruwa.

Akwai ruwan da muke zubarwa a banza. Ajiye daro a wurin alwala, ka tara ruwan wanke shinkafa da na wanke ganye. A gida mai mutum goma, wannan kaɗai kan riƙe fangali guda.

Gargaɗi: ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan kwata, kada su kusanci ganyen da za a ci. Haka nan idan ruwan rijiyarku na barin farin kanwa-kanwa a bakin randa, ka riƙa yi wa fangali ban-ruwa mai yawa sau ɗaya a mako don ya wanke gishirin zuwa ƙasa.

2. Zaɓen wuri

Ka ba wa wurin yini guda kana lura. Leƙa da hantsi, leƙa da azahar, leƙa da la'asar. Abin nema shi ne inda rana ke samu tun safe har wajen awa biyar zuwa shida, sannan inuwar katanga ko ta ɗaki ta rufe shi daga yamma. Ranar la'asar ta bazara ita ke dafa ganye.

Ka nisanci gindin darbejiya da mangwaro da turare. Ba inuwarsu kaɗai ba, saiwarsu na jin danshi za ta biyo shi, sai ka wayi gari bishiya kake shayarwa. Ka nisanci masai da makwararar bayan gida.

Gargaɗi ga masu ginin ƙasa: kada fangali ya jingina da katanga. Bar aƙalla babban taku ɗaya tsakani. Ban-ruwan wata uku a gindin katangar ƙasa yana cinye tushenta a hankali, ba za ka gani ba sai ruwan Agusta ya zo ya ƙarasa ta.

3. Shinge kafin iri

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi sa mutane zubar da lambu. A rani babu ɗanyen ganye ko'ina a gari sai naka, dabbobi kuma a sake suke. Shekarar da na fara, na ce bari in shuka tukuna, danni ya biyo baya ranar kasuwa. Alayyafo ya yi kwana 18, ya yi shar gwanin sha'awa. Wata Juma'a muna masallaci akuya ta shigo da 'ya'yanta biyu. Da na dawo sai guntayen kara na tarar da sawun kofato, uwargida na tsaye da muciya a hannu ta rasa abin cewa. Maƙwabci ya zo ya ba da haƙuri, amma haƙuri bai dawo da kwana 18 na ɗiban ruwa ba.

Karan dawa yana nan da yawa yanzu kuma da araha, wani ma kyauta zai ba ka. Kafa dirkoki masu ƙwari taku biyu-biyu, ka ɗaure kara a tsaye ƙam-ƙam, tsayinsa ya kai ƙirji. Zana ma tana yi. Ƙasan dannin shi ne abin lura: kaji da 'yan tsaki ta nan suke kutsawa, kuma kaza ɗaya ta isa ta tone fangalin da aka yafa wa iri cikin 'yan mintoci. Toshe ƙasan da ƙaya ko tsohon buhu, ko ka turbuɗe gindin karan cikin ƙasa. Mai hali ya sayi wayar raga, ita ce mafi tsada a kayan aikin duka, sai dai takan yi shekaru. Ƙofa kuma a yi mata maɗauri da yara za su iya ɗaurewa.

Gara na son kara. Zuba toka a ramin kowace dirka kafin ka kafa.

4. Taki: ruɓaɓɓe kawai

Ƙasar jigawa rairayi ce, ruwa na wuce ta kamar rariya. Takin gargajiya ne ke sa ta riƙe danshi, don haka a lambun bazara taki rabin ban-ruwa ne. Nemi kashin awaki da tumaki ko na shanu wanda ya kwana biyu, ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, ba ya wari. Kowane fangali bokiti biyu.

Idan ɗanye kake da shi, tara shi wuri guda, ka cakuɗa da ƙaiƙayi ko buntun shinkafa, ka yayyafa ruwa, ka rufe da buhu. Juya shi duk mako. Idan ka cusa hannu ciki ka ji zafi, bai yi ba tukuna. Yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida, shi ya sa mai niyyar lambu yake fara tara taki tun sanyi na tsakiyarsa.

Gargaɗi: ɗanyen kashin kaji wuta ne. Yana ƙone tsiro cikin kwana biyu, sai ka ɗauka iri ne ba shi da kyau. Takin bola kuma a tankaɗe shi, a fitar da leda da kwalba da tsoffin batura. Idan ka ci karo da gwazarma a ciki, tsince ka watsa wa kaji.

Takin zamani ba dole ba ne a ɗan lambun gida. Wanda yake so, ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya na NPK 15-15-15 ya ishi fangali guda, a cakuɗa da ƙasa kafin shuka. Ba sai ka sayi buhu ba, ana aunawa a kwano.

5. Fitar da fangali

Kayan aiki ba su da yawa: fartanya, shebur ko diga idan ƙasar ta yi tauri, manjagara, igiya da turaku, bokiti, da butar ban-ruwa mai rariya a baki. Wanda ba shi da butar ya huhhuda gindin babban gwangwani da ƙusa.

Jiƙa wurin da yamma, washegari ka kafce shi zurfin ɗani ɗaya da rabi, wato wajen santimita 30. Fasa hoge, tsince duwatsu da saiwar kiri-kiri. Ja igiya ka fitar da mita 1 a faɗi, mita 3 a tsawo, ka bar hanyar ƙafa tsakani. Dalilin mita ɗaya shi ne hannunka ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da ka taka ciki ba.

Fangalin rani a ƙasa-ƙasa ake yin sa, cikinsa ya ɗan nutse kamar faranti, a ɗaga masa baki da ƙasa tsayin yatsu huɗu. Masu kwaikwayon hotunan lambunan Turai sukan ɗaga gado sama, a nan kuwa gado mai tudu a watan Afrilu bushewa yake ta kowane gefe. Daidaita cikin sosai da manjagara. Gwaji: zuba bokiti ɗaya a tsakiya, idan ruwan ya gudu kusurwa guda, sake gyarawa.

Zuba takin ka juya, sannan ka yi ta ban-ruwa mako guda ba tare da ka shuka komai ba. Ciyawar da ke ɓoye cikin takin za ta fito, ka share ta gaba ɗaya. Wannan haƙurin na mako ɗaya yana rage maka cirar ciyawa ta wata guda.

Wanda tsakar gidansa siminti ne ko fili ya yi kaɗan, buhu yana yi. Cika shi da ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, ka huda gindinsa. Kuɓewa biyu na rayuwa lafiya a buhu guda.

6. Me za a shuka, me za a bari

Nan ne gardama take. Ni ma na yi ta. Na taɓa dasa tumatir a tsakiyar Fabrairu, ya tashi kore shar har ƙugu, ya yi fure rututu. Afrilu na shiga furen ya dinga zubewa, ɗan abin da ya ƙulla bai cika kwano ba. Na je na sami wani dattijo da ya tsufa a noman fadama, na ce, "Baba, wane magani zan fesa?" Ya ce, "Ɗana, ba ciwo ba ne, zafi ne. Ka zo kasuwa bayan ta watse." Gaskiyarsa. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare ma bai huce ba, furen tumatir ba ya ƙulla ɗa. Ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta yi wa gonakin Kura da Kadawa mummunar ɓarna a 2016, ita ma lokacin zafi ta fi ƙarfi.

Saboda haka a ajiye tumatir, kabeji, karas, latas da albasa mai kai, sai Oktoba. Latas ɗin da aka shuka yanzu zai yi tsiri ya yi ɗaci kafin ya cika faranti.

Masu jure bazara su ne namu na gida. Alayyafo shi ne na farko, mako uku zuwa huɗu ka fara yanka. Kuɓewa na fara ba da 'ya'ya wajen wata biyu. Sai lalo, rama da yakuwa don ganye, gurji ko kokwamba a bakin danni inda za su hau, kabewa guda ɗaya tak a kusurwa domin tana cin wuri. Zogale kuwa a jera shi gefen shinge, shi ne zai rage bayan kowa ya tafi.

Idan fangali huɗu ne, ga yadda nake rabawa: biyu alayyafo, ɗaya kuɓewa, ɗaya a raba tsakanin lalo da rama. Amma kafin ka yanke, tambayi masu girki. Su suka san miyar da ake yi sau uku a mako da ganyen da yara ba sa taɓawa. A gidaje da yawa ma su ne za su riƙe lambun da rana.

7. Sayen iri da gwada shi

Irin alayyafo da rama da lalo ana samun sa ƙulli-ƙulli a kasuwannin mako, irin su Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Wanda ya fi kyau ma shi ne na hannun maƙwabcin da ka ga lambunsa da idonka. Na fakiti kuma a duba ranar ƙarewarsa, a guji wanda aka shanya a rana kan tebur.

Wajen kuɓewa ka ce ta rani kake so, mai saurin haihuwa. Wasu irin na damina sukan yi ta tsawo da ganye ba su yi fure ba sai can kusan kaka.

Kowane iri ka samo, gwada shi. Ƙirga ƙwaya 10, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ajiye a ɗaki inda ba sanyi, kana yayyafa ruwa. Bayan kwana biyar zuwa bakwai buɗe. Bakwai sun tsaga, iri ne mai kyau. Ƙasa da biyar, sake nema. Yi wannan a makon da kake jiƙa fangali, sai su ƙare tare.

8. Shuka

Jira sanyin asuba ya karye, wato lokacin da aka fara ture bargo da dare. A yawancin shekaru tsakiyar Fabrairu ne. Kuɓewa musamman ba ta son ƙasa mai sanyi, takan zauna ba ta fito ba har ta ruɓe.

Alayyafo: irinsa ƙanana ne ƙwarai, in ka yafa shi haka nan zai fito cunkus. Cakuɗa cokali ɗaya da yashi cikin tafin hannu goma, ka ja layuka da yatsa tazarar ɗani guda, ka barbaɗa, ka rufe da ƙasa shafe-shafe. Kuskuren da aka fi yi shi ne binne shi da zurfi. Na biyu kuma shuka fangali biyun rana ɗaya: duk sai su isa yanka tare, a ci a gaji, a rabar, sannan a zauna babu. Shuka ɗaya yau, ɗayan bayan mako biyu.

Kuɓewa: jiƙa irin ya kwana a ruwa. Rami zurfin gaɓar yatsa, ƙwaya uku, tazarar kamu ɗaya tsakanin ramuka, layi biyu a fangali. Idan sun yi ganye huɗu, cire raunana ka bar ɗaya, ko biyu in ƙasar na da ƙarfi. Na san cire tsiro mai rai yana da ciwo, amma uku a rami guda babu wanda zai yi kirki.

Lalo yana da taurin fitowa. Ƙulle irin a tsumma, tsoma cikin ruwan da aka sauke daga tafasa, ƙirga goma, ka fitar ka tsoma a ruwan sanyi, ka baza ya sha iska, ka shuka a ranar. Kada ya wuce ƙirga goma, dafuwa zai yi.

Bayan shuka, shimfiɗa busasshiyar ciyawa sama-sama, ka yi ban-ruwa ta kanta da buta mai rariya. Kwarara ruwa da bokiti yana kwashe iri ya tara shi a kusurwa. Da ka ga tsiro ya leƙo, janye ciyawar daga kansa.

Gargaɗi: ƙadangaru na cin sabon tsiro kamar an aske. Tsohon gidan sauro da ya yage, a wanke shi a lulluɓa kan 'yan sanduna na mako biyu. Sabon da aka raba don yara su kwana ciki kuwa a bar musu abinsu.

9. Ban-ruwa da lulluɓe ƙasa

Da sassafe da kuma bayan la'asar. Ƙananan tsiro kaɗan-kaɗan sau biyu a rana, manya kuma a ba su su ƙoshi don saiwa ta nutsa. Cusa yatsa cikin ƙasa: in ka ji danshi a gaɓa ta biyu, ya isa. Ganyen kabewa da kuɓewa kan yi laushi da tsakar rana ko da akwai ruwa, duba su da magariba kafin ka tsorata.

Tsiro na kai tsawon ɗani, lulluɓe ƙasar da buntu, ɓawon gyaɗa ko ciyawa, kauri yatsu uku, amma kada ya manne da kara saboda gara. Cusa hannu ƙarƙashinsa da azahar ka ji bambancin da kanka.

Wata dabara ga kuɓewa da kabewa: binne tulun ƙasa marar fenti har wuya a tsakiyarsu, ka cika da ruwa. Yana tsattsafowa a hankali daidai saiwa, sai bayan kwana biyu ko uku ka ƙara. Rufe bakinsa ruf, in ba haka ba ka yi wa sauro gida.

10. Ƙwari

Duba bayan ganye kowace safiya. Darɓa da farin ƙuda a nan suke fakewa, tsutsa kuma a tsince da hannu tun tana kaɗan. In abin ya yi yawa, daka 'ya'yan darbejiya busassu kamar rabin kilo, jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, tace da tsumma, ka fesa da yamma, sama da ƙasan ganye. Maimaita bayan mako. A wanke ganyen sosai kafin girki saboda ɗaci.

Ina roƙo da babbar murya: kada a fesa fiya-fiya ko maganin ƙwarin wake a kan alayyafon da za a yanka jibi. 'Ya'yanka ne za su ci. In dole sai maganin kanti, nemi malamin gona na hukumar aikin gona ta jiha, KNARDA a Kano ko JARDA a Jigawa, ya nuna maka wanda ya dace da ganye, ka kuma cika kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar.

11. Girbi da shirin damina

Alayyafo a yanka shi a bar tsawon yatsu huɗu, zai sake tohowa sau biyu ko uku. Bayan kowane yanka a barbaɗa ɗan taki. Kuɓewa a tsinke duk bayan kwana biyu tun tana danƙwa-danƙwa, domin in aka bar 'ya'ya suka ƙosa a jiki, uwar takan daina haihuwa. Rarar a yayyanka a shanya, ga busasshiyar kuɓewa ta samu. Ware gindi biyu mafiya kyau ka ɗaura musu tsumma, kada kowa ya taɓa, su ne irin baɗi. Zogale ya kai ƙugu, datse kansa ya yi rassa.

Wajen tsakiyar Afrilu, fangalin alayyafon farko ya gama aikinsa. Kafce shi, ƙara taki, yi masa 'yar rumfar kara tsayin gwiwa, ka yafa irin attaruhu da tattasai da gauta. Suna buƙatar mako biyar zuwa shida a reno, ka ga ke nan za su isa dashe daidai lokacin da ruwa ke zama a watan Yuni. Mutanen Gumel da Maigatari su ɗan jinkirta da mako ɗaya ko biyu, domin ruwansu kan makara a kan na kudancin Kano. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ɗauki fartanya ka fasa bakin kowane fangali, ka ja ƙasar ta zama kunya, ka fitar wa ruwa hanya zuwa waje, nesa da gindin katanga.